Loretta Young: Tauraruwar Talabijin da Sirrin da Ta Ɗauka

An haifi Loretta Young ran 6 ga Janairu, 1913, a birnin Salt Lake City na ƙasar Amurka, sunanta na yanka kuwa Gretchen. Tana ƙarama iyayenta suka rabu, mahaifiyarta ta kwashe 'ya'ya zuwa Los Angeles, inda ta buɗe gidan saukar baƙi domin ta ciyar da su. Loretta ta taso cikin bangaskiyar Katolika, ta yi karatu a makarantar Sistoci, ta kuma fara fitowa a sinima tun tana ƙaramar yarinya. Fim ɗinta na 1947, The Farmer's Daughter, ya jawo mata lambar Oscar. A wannan shekarar ne kuma ta fito a shirin farko na wasannin rediyo da Fada Patrick Peyton ya kafa domin ƙarfafa addu'ar Rosari a cikin iyali.

A lokacin da manyan taurari suke raina talabijin, ita ta rungume shi. Cikin Satumba 1953 tashar NBC ta fara nuna shirinta, Letter to Loretta, wanda daga baya aka mai da shi The Loretta Young Show, ya ci gaba har 1961. Kowane mako sabon labari ne na rabin awa da sababbin mutane: yau matar aure, gobe malamar asibiti, jibi Sista. Galibin labaran a kan soyayya, aure da gafara suke. Takan shigo ta ƙofa cikin doguwar riga ta gaishe da masu kallo, a ƙarshe kuma ta karanta ɗan guntun zance, sau da yawa daga Littafi Mai Tsarki, wanda zai tattara darasin ranar. Shirin ya kawo mata lambar Emmy har sau uku.

Amma wadda take koya wa miliyoyi gaskiya tana ɗauke da wani nauyi a ɓoye. A 1935, bayan aikin fim ɗin Call of the Wild tare da Clark Gable, wanda yake da matarsa, ta sami ciki. A Hollywood ta wancan zamani wannan ya isa ya kashe sana'ar mace, kuma zubar da ciki shi ne hanyar da aka saba bi a asirce. Loretta ta ƙi. Ta ɓuya ta haifi 'yarta Judy cikin Nuwamba, ta kai ta gidan marayu, sa'an nan a 1937 ta ɗauko ta, ta sanar wa duniya cewa riƙo ta karɓa.

Ta ceci ran yarinyar, amma ta hana ta sanin asalinta. Judy ta girma a gidan uwarta kamar 'yar riƙo, alhali jama'a suna ta raɗe-raɗi. Sai a 1966, tana da shekara talatin, uwar ta amsa mata gaskiya. Da Judy ta rubuta labarinta a littafi a 1994, zumuncinsu ya yi tsami kafin su shirya. A 2015 matar ɗan Loretta ta bayyana cewa marigayiyar ta faɗa wa iyalinta a tsufanta cewa abin bai faru da yardarta ba.

Duk tsawon rayuwarta ta riƙe zuwa Misa, ta kuma tallafa wa gidan St. Anne's na Los Angeles, mai kula da 'yan matan da suka yi ciki ba aure. Ta rasu ran 12 ga Agusta, 2000, tana da shekara 87, aka binne ta a maƙabartar Holy Cross. Littafin tarihinta da ta amince da shi ya fito bayan mutuwarta, a cikinsa ne ta yarda a fili cewa Judy 'yar cikinta ce.

'Yan'uwa, tsoron bakin mutane ne ya raba uwa da 'ya shekara talatin. Idan yarinya ta shiga irin wannan hali a cikinmu, mu tambayi kanmu ko Ikklisiyarmu wuri ce da za ta iya faɗin gaskiya ta kuma sami mai riƙe hannunta. Allah ya ba Loretta hutawa ta har abada. Amin.