Janar Ibrahim Abboud: Shugaban Sudan da Ɗalibai Suka Kawar da Mulkinsa

A watan Oktoba na shekarar 1964 jama'ar Sudan suka kawar da gwamnatin soja ba tare da sun ɗauki makami ba. Shugaban wannan gwamnati shi ne Janar Ibrahim Abboud, soja na farko da ya mulki ƙasar bayan samun 'yancin kai.

An haifi Abboud a shekarar 1900 a yankin gabar Bahar Maliya, ya kuma yi karatu a Kwalejin Gordon da ke Khartoum kafin ya shiga aikin soja. Ya yi yaƙin duniya na biyu a Eritiriya da Habasha da arewacin Afirka ƙarƙashin Turawan Ingila. A shekarar 1956, lokacin da Sudan ta sami 'yanci, ya zama babban kwamandan askarawan ƙasar.

Shekaru biyu bayan haka al'amura suka dagule. Jam'iyyun siyasa sun duƙufa ga rikici a tsakaninsu, audugar Gezira kuwa, wadda ita ce ƙashin bayan tattalin arziki, kuma Hausawa da yawa ke aiki a gonakinta, ta yi kwantai saboda tsadar farashin da aka sa mata. Ran 17 ga watan Nuwamba na 1958 sojoji suka karɓi mulki daga hannun Firayim Minista Abdallah Khalil ba tare da zub da jini ba. Abboud ya rushe majalisar dokoki, ya haramta jam'iyyu, ya jingine tsarin mulki.

Da fari jama'a da dama sun yi na'am da shi. Gwamnatinsa ta sassauta farashin auduga har aka sayar da wadda ta taru, an kuma ƙara shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa zuwa yamma da kudu. A shekarar 1959 ta ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan Kogin Nilu da Masar, wadda ta share fagen gina babbar madatsar ruwa ta Aswan. Sai dai madatsar ta sa ruwa ya cinye garin Wadi Halfa, aka kwashe dubban 'yan ƙabilar Nubiya zuwa Khashm al-Girba, lamarin da ya haddasa zanga-zanga. A shekarar 1961 kuma aka kama manyan 'yan siyasa, ciki har da Isma'il al-Azhari da shi kansa Abdallah Khalil, aka tsare su a Juba.

Babbar matsalar ita ce kudancin ƙasar. Gwamnati ta nemi ɗora wa yankin harshen Larabci, ta mayar da ranar hutu daga Lahadi zuwa Jumma'a, daga bisani a farkon 1964 ta kori 'yan mishan na ƙasashen waje. 'Yan tawayen Anyanya sun ɗauki makamai tun 1963, kuma ƙarfin soja ya kasa murƙushe su. Da yake babu majalisar da jama'a suka zaɓa, jaridu kuma an takura musu, Jami'ar Khartoum ce ta zama wurin da ya rage inda ake iya faɗar albarkacin baki. A can ne wani matashin malamin shari'a, Hassan al-Turabi, ya bayyana cewa ba za a warware rikicin kudu ba muddin soja na kan mulki. Hukuma ta hana irin waɗannan tarurruka, ɗalibai kuwa suka yi kunnen uwar shegu da umarnin.

Ran 21 ga watan Oktoba 'yan sanda suka afka wa taron ɗalibai a harabar jami'ar, suka buɗe wuta, aka kashe wani ɗalibi mai suna Ahmad al-Qurashi. Jana'izarsa ta rikiɗe ta zama gagarumar zanga-zanga. Malaman jami'a da lauyoyi da alƙalai da likitoci suka haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago, aka kira yajin aiki na gama-gari wanda ya tsayar da harkoki cik a babban birnin. Ƙananan hafsoshi da yawa ba su yarda a ci gaba da harbin jama'a ba. Ran 26 ga wata Abboud ya rushe majalisar ƙoli ta soja, ko da yake bayan haka ma an kashe mutane da dama a kusa da fadar shugaban ƙasa. Aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Sirr al-Khatim al-Khalifa, shi kuwa Abboud ya yi murabus a tsakiyar watan Nuwamba.

Ya koma zaman gida, bai sake tsoma baki cikin siyasa ba har rasuwarsa a Khartoum a watan Satumba na 1983. Mulkin farar hular da ya biyo bayansa bai daɗe ba, domin a 1969 Ja'afar Numeiri ya yi juyin mulki, yaƙin kudu kuma bai lafa ba sai 1972. Amma hanyar da aka bi a 1964, wato ɗalibai su fara, ma'aikata su shiga yajin aiki, soja su juya wa shugabansu baya, ita ce ta kawar da Numeiri a 1985, da kuma Umar al-Bashir a 2019.