15 ga Satumba 1899: ranar da Kuran Daga ya faɗi a Rumji

Masu tattara abubuwan da suka faru a kowace rana sun cika 15 ga watan Satumba da labarai. A ranar ce aka haifi marubuciyar Ingila Agatha Christie a 1890, a ranar ce tankokin yaƙi suka fara shiga fagen fama a yankin Somme na Faransa a 1916, kuma ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa dimokuraɗiyya. Da wuya irin wannan jeri ya ambaci ƙasar Matameye. Amma a nan ne, a ƙauyen Rumji, ranar 15 ga Satumba 1899, wata ƴar tawagar sojan Faransa ta cim ma Sarkin Damagaram Amadu ɗan Tanimun ta kashe shi. Shi ne sarki na ƙarshe da ya hau gadon Damagaram kafin mulkin Bature.

An fi saninsa da laƙabi biyu. Na farko, Kuran Daga, ya same shi tun yana raye, saboda yadda yake a fagen daga. Na biyu kuwa mutuwa ce ta ba shi: Mai Rumji, ko Maje Rinji kamar yadda yake a tarihin Kano. Tsohuwar al'adar Hausa ce a kira sarki da sunan inda ajali ya same shi, kamar yadda ake ce wa Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Ta haka sunan wani ƙaramin ƙauye na wajen Kance ya shiga jerin sarakunan Damagaram, bai kuma sake fita ba.

Amadu ya taso a gidan da ƙarfi ya kai matuƙa. Mahaifinsa Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya zagaye Birnin Zinder da ganuwa, ya tara dubban bindigogi, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari. A zamaninsa ikon Damagaram ya mamaye ƙasashen maƙwabta, ya kai Mirriya, Wacha, Dungas da ƙasar Kance, kuma sarakunan Daura na Haɓe da jihadi ya kora zuwa Zango da Ɓaure suna zaune ne ƙarƙashin inuwarsa. A bisa suna, Damagaram tana bin Shehun Borno tana kai gaisuwa Kukawa. A zahiri kuwa ta daɗe tana cin gashin kanta.

Dukiyar ta fito ne daga hanya. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Agadas, Ghat da Tarabulus sai ya yada zango a Zinder, a unguwar da har yau ake kira Zango, inda Buzaye da Larabawa ke sauke kaya. Ana fitar da fatu, gashin jimina da tufafi, ana shigo da gishiri, takarda, takubba da albarushi. Ana kuma fitar da mutane. Wannan ɓangare ne da mawaƙan fada ba su cika tsayawa a kai ba, amma matafiyin Ingila James Richardson, da ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda aka kai hari ƙasar Korgom aka dawo da bayi. Ƙauyukan kudu da yamma, waɗanda ke noma hatsin da birni ke ci, su ne suka fi ɗanɗana wannan ƙarfi. Amadu ya gaji bindigogin, ya gaji hanyar, ya kuma gaji wannan dangantaka mai tsami da talakawan karkara.

Ya hau sarauta a 1893, bayan ɗan'uwansa Sulaiman ɗan Aisa. Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A cikinta ne Rabeh, wanda ya taso da rundunarsa daga ƙasar Sudan, ya ci Borno ya rushe Kukawa, daga baya ya kafa zamansa a Dikwa. Ubangidan da Damagaram ta saba yi wa biyayyar baki ya ɓace, wani mai haƙora ya maye gurbinsa. Amadu bai miƙa wuya ga Rabeh ba. Rikicin ya kuma taɓa aljihu, don hanyar kasuwanci ta Borno ta mutu, fatake suka ƙara raja'a kan ta Zinder, abin da ya ƙara wa garin daraja ya kuma ƙara masa masu kwaɗayi.

A kudu ma wuta ce ke ci. A wannan shekara ta 1893 basasa ta ɓarke a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, har ta ƙare da nasarar Alu Babba. Amadu ya ga Kano ta jigata, ya ga dama. Ya kai yaƙi ƙasar Kano fiye da sau ɗaya, kuma Kanawa har yanzu suna ambaton Gezawa da Tattarawa idan ana zancen yaƙin Damagarawa. Ya yi ɓarna, ya kwashi ganima, amma bai taɓa shiga birnin Kano ba. Idan aka duba daga nesa, a nan ne babban kuskurensa yake. Shekarun da ya kamata a ce manyan garuruwa biyu na hanyar ayari sun dubi abin da ke tahowa daga yamma, sun ƙare su ne suna kashe wa juna dawaki da mayaƙa. Sai dai duba daga nesa abu ne mai sauƙi. A idon sarkin 1897, Kano da Rabeh su ne abokan gaba na gaske, Bature kuwa labari ne da fatake ke kawowa.

Labarin ya zama mutum a tsakiyar Afrilun 1898, lokacin da Kyaftin Marius Gabriel Cazemajou ya iso Zinder da tafintansa Olive da ƴan sojojin Afirka kaɗan, irin waɗanda Faransa ke ɗauka aiki ana kiran su tirayer. Sun taso daga Say a bakin kogin Kwara, sun bi ta Argungu. An karɓe su da kyau, an ba su masauki, an yi musayar kyaututtuka. Matsalar ita ce inda suka nufa: Cazemajou na kan hanyarsa ce ta zuwa wurin Rabeh. A fada, wannan na nufin abu ɗaya, wato mai bindigar zamani zai je ya haɗa kai da mutumin da ya cinye Borno, Damagaram kuma tana tsakiya. Akwai kuma ƴan kasuwar Arewa masu alaƙa da Tarabulus da ɗariƙar Sanusiyya, waɗanda suka san abin da Faransa ta yi a Aljeriya da Tunisiya, ba su da dalilin son ganin ta a kan hanyarsu. A ɗaya gefen akwai irin su Malam Yaro, babban attajirin Zinder, da ya fi karkata ga a yi hulɗa da baƙin.

Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da Olive, aka jefa gawarwakinsu a rijiya. Sojojinsu ba su watse ba. Ƙarƙashin Kaparal Kubi Keita suka kare masaukinsu na kwanaki, sannan suka ja da baya suka kama doguwar hanyar komawa bakin Kwara, suka kai labari.

Littattafan mulkin mallaka sun daɗe suna ba da labarin kamar wannan kisa ne ya jawo wa Damagaram abin da ya same ta. Kwanan wata bai goyi bayan haka ba. Tun ranar 5 ga Agusta 1890, shekara uku kafin Amadu ya hau gado, Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, suka ce arewa ta Faransa ce, kudu ta Ingila. Ranar 14 ga Yuni 1898 kuma, kwana 40 bayan mutuwar Cazemajou, suka sake zama a Paris suka gyara iyakar, Zinder tana ɓangaren Faransa. Ba a tambayi kowa a Birni ba. Faransa ta riga ta ƙudura haɗa yankunanta a tafkin Cadi da runduna uku, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya daga Kwara, kuma Zinder na kan hanyar biyu daga cikinsu. Da Cazemajou ya fita lafiya, da sojojin sun zo duk da haka. Abin da kisan ya ba su shi ne hujja, da kuma sunan da suka laƙaba wa barikin da suka gina a kan dutse, Fort Cazemajou, wanda bayan samun ƴancin kai aka mayar da shi sunan Tanimun.

Rundunar da ta taso daga Kwara a Janairun 1899 ita ce ta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wadda sunanta ya zama abin tsoro daga ƙasar Zabarmawa har Tasawa. Ta ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Paris ta aiko Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, sannan sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, a wajen Maijirgi. Wanda ya ji wannan labari a Zinder yana iya zaton guguwar ta ci kanta. Ba ta ci ba. Laftanar Pallier ya karɓi ragamar, tare da Joalland da Meynier, suka ci gaba zuwa gabas.

Amadu yana da zaɓi biyu: ya rufe ƙofofin ganuwar mahaifinsa ya jira, ko ya fita. Ya fita. A ƙarshen Yuli ya tare su a Tirmini, yamma da Zinder, da dawaki da ƴan bindiga da ƴan baka. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar, amma bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki ba ta yin gasa da wadda ke harbi a jere daga nesa, kuma doki ba ya kai mahayinsa inda harsashi ya riga shi. Rundunar Damagaram ta karye. Ranar 30 ga Yuli Faransawa suka shiga Zinder suka tarar jama'a da yawa sun fice. Ba su ɓata lokaci ba, suka ɗora wani ɗan gidan, Amadu ɗan Bassa, a kan gado.

Kwana 47 ke tsakanin faɗuwar Zinder da ranar Rumji, kuma a cikinsu ne ake ganin ƙuncin da sarkin ya shiga. Gabas Rabeh ne. Yamma hanyar da Faransawa suka biyo ce, toka ce kawai. Arewa hamada ce da Buzaye, ba wurin da mai rundunar dawaki zai ɓuya da damina ba. Saura kudu maso yamma, ƙasar Kance da Matameye, mai ruwa da ciyawa da gero da ya kai kan mutum a wannan lokaci na shekara. Amma bayan ta Daura ce da Kano, kuma Kano ita ce ƙasar da ya yi shekaru yana kai wa hari. Sarkin da ya tsere daga Bature ba shi da maƙwabcin da zai buɗe masa ƙofa. Muddin kuma yana raye, sarautar ɗan Bassa ba ta da tushe, talakawa ba za su san wa za su kai wa haraji ba, kuma Joalland ba zai iya juya baya ya nufi Cadi ba. Shi ya sa aka bi sawunsa. Tawagar da ta same shi a Rumji tana ƙarƙashin Sarjan Suley Taraore ne, ɗan Afirka, ɗaya daga cikin waɗanda suka juya wa Voulet da Chanoine baya wata biyu kafin nan.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ranar 3 ga Oktoba Joalland da Meynier suka bar Zinder zuwa Cadi. A farkon Nuwamba rundunar Foureau da Lamy ta iso daga Aljeriya ta hanyar Agadas. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabeh a Kuseri, mutumin da tsoronsa ya sa aka kashe Cazemajou. A 1903 Ingilishi suka ci Kano, aka kama Alu Babba aka kai shi gudun dole, ya rasu a Lokoja a 1926. Cikin shekara huɗu, manyan abokan gaba uku na wannan yanki, Damagaram, Rabeh da Kano, duk sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai.

Shi ma Amadu ɗan Bassa biyayya ba ta cece shi ba. A 1906 Faransawa suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, suka miƙa garin ga Ballama, bawan fada. Sai a 1923 aka mayar da sarautar gidanta, da Barma Mustafa, lokacin Zinder tana babban birnin Nijar, matsayin da ta riƙe daga 1911 har aka mayar da shi Yamai a 1926.

Yau babbar lise ta Zinder tana ɗauke da sunan Amadu Kuran Daga, jami'ar garin kuma tana ɗauke da na André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. Iyakar da aka fara ja a takarda tun kafin sarkin ya hau gado, aka yi ta gyarawa daga baya, ita ce motocin Matameye ke tsayawa a kanta a Ɗan Barto kafin su wuce Daura da Kano.