Nana Asma'u ƴar Shehu, Uwar Ƴan Taru (1793–1864)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ya ku ƴan uwa matasa, maza da mata, a wannan ɗan littafi na tunawa mun zaɓi mu kawo muku tarihin wata baiwar Allah wadda kun sha jin sunanta. Da yawanku kuna ɗauka ta mutanen Sakkwato ce kawai. To, ku sani mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta aka haife shi a shekarar 1754, kusa da Galmi, nan cikin jiharmu ta Tawa. Mu mutanen Tabotaki da Buza da Keita da Madawa, muna da rabo a gadonta.

An haifi Nana Asma'u a Dagel a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi, don Shehu ya sha sukar malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin duhun jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har da yaren Buzaye.

Kada ku zaci cikin hutu ta yi wannan karatu. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi, ta ga yunwa, ta ga gawawwakin mahaddata. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aure da haihuwa ba su raba ta da alƙalami ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka tsaya ga tattara littattafansa da adana su. Ta bar rubuce-rubuce kusan 60, cikinsu akwai Waƙar Gewaye, wadda ta ba da tarihin Shehu da jihadi, da wata waƙa mai jera sunayen surorin Alƙur'ani, da wata a kan waliyyai mata.

Amma babban abin da muke so ku riƙe shi ne Ƴan Taru. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata marasa ilimin addini, wasu zawarawa, wasu kamammun yaƙi, da yawa kuma suna nan cikin bori. Nana ba ta zauna tana zaginsu ba. Sai ta duba halin da suke ciki da idon basira. Matar aure mai goyo da daka da ɗiban ruwa ba ta iya barin gida ta tafi neman karatu. Wa ke iya tafiya? Tsohuwa da ta gama haihuwa, da yarinyar da ba a kai ɗaki ba. To, su ta kira.

A kowane gari ta zaɓi dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa, ta ɗaura mata jan rawani. Malfar nan, da can alamar Innar Gobir ce, shugabar ƴan bori; Nana ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta mai da shi alamar ilimi. Jaji ta jagoranci ayarinta a ƙasa har gidan Nana, su zo da ƴar zuma ko hatsi ko man shanu, a raba wa mabukata. Ita kuma ta koya musu tsarki da salla da tarihin Annabi da zaman aure da kula da marar lafiya, duk cikin waƙa, cikin harshen da suke ji, don wadda ba ta iya karatu ta haddace. Su koma gida su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, amma Ƴan Taru suka ci gaba bayanta.

Ku duba da kyau. Ta gano matsala, ta binciki dalilinta, ta tsara hanyar koyarwa daidai da rayuwar mata, ta horar da malamai. Abin da ake zuwa jami'a a yi wa digiri na biyu da na dakta ke nan a fannin binciken ilimi da nazarin al'amuran mata. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta shekara da shekaru a Sakkwato tana bin takardun Nana da taimakon Waziri Junaidu, ta fitar da littafi a kanta a 1989. A 1997 ita da wata farfesa ƴar Amurka, Beverly Mack, suka buga tarin rubuce-rubucenta. Yau ana karanta ta a jami'o'in Turai da Amurka. Mu da muke maƙwabtan Maratta fa?

Ƙanwata, kin san ƙawayenki nawa aka cire daga makaranta kafin su gama firamare. Ƙanena, kai ma ka san gidajen. Me ya sa? Nisan makaranta ne, ko talla, ko tafiyar maza cin rani da ke barin aiki a kan mata, ko tsoron iyaye? Wannan tambaya tana jiran mai bincike ɗan gari, wanda ya san harshe, wanda uwaye za su buɗe wa ƙofa su gaya masa gaskiya. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana da sashen ilimin koyarwa. Ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga Jami'ar Musulunci ta Sayi, ga ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. In kin ci bak, kada ki ce nan ne iyaka. Kai kuma, in ƙanwarka ko matarka ta nuna himma, ka zama mata abin da Giɗaɗo ya zama wa Nana. Kafin nan, kowa ya nemi yarinya ɗaya a unguwarsu ya zaunar da ita ya koya mata abin da ya sani.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya haskaka makwancinta, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.