Abdou Moumouni: Ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Tun kafin faifan sola ya zama ruwan dare a rufin shaguna da wuraren cajin waya a Rabah da Wurno da Goronyo, wani masani daga maƙwabciyar ƙasa Nijar ya ƙarar da rayuwarsa yana nema wa ƙauyen da wayar lantarki ba ta kai ba hanyar samun makamashi.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu, ranar 26 ga Yunin 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty da ke Senegal, sannan ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyyar fiziks. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike kan makamashin rana.

A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A shekarar ce kuma ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya nemi a koyar da yara da harsunansu.

Ya dawo gida a 1969, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, har zuwa 1985. Hukumar ta ƙera murhun girki da na'urar busar da amfanin gona da ta dafa ruwa, wadda tankinta ke riƙe zafi bayan faɗuwar rana. A yankin da saran itacen girki ke buɗe wa hamada hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dogaro da abin da wuri ke da shi, tare da adana rarar, shi ne tsarin da tashar bincike ta Princess Elisabeth ta ƙasar Beljiyam ke bi a ƙanƙarar Antatika. Tun 2009 take samun wuta daga iska da rana, tana tarawa a batura.

Moumouni ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu ranar 7 ga Afrilun 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

A Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulki, masu faifan sola da batir na cikin waɗanda ba su kwana a duhu ba.