Thomas Dewey, lauyan da ya ɗaure uban miyagun Niyok

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa, gwamnati ce ke naɗa babban mai shigar da ƙara. A yawancin jihohin Amurka kuwa, jama'ar gunduma ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Tsarin yana da kyau a ido, amma in jam'iyyar da ta tsayar da shi ta haɗa baki da miyagu, to, ƙara ba ta isa gaban alƙali. Haka birnin Niyok yake sa'ad da Thomas Dewey ya fito.

An haife shi ran 24 ga Maris 1902 a Owosso, cikin jihar Mishigan. Mahaifinsa mai buga jarida ne. Allah ya ba shi murya, har ya so ya zama mawaƙi, amma ya koma ga karatun shari'a, ya ƙare a jami'ar Kolambiya a 1925.

A 1935 aka yi ta kuka cewa mai shigar da ƙara na gundumar Manhattan yana jan ƙafa game da masu cacar ɓoye da masu karɓar kuɗin ƴan kasuwa da ƙarfi. Sai gwamnan jiha, Herbert Lehman, ya naɗa Dewey mai bincike na musamman, yana da shekara 33. Wani ƙasurgumin mugu, Dutch Schultz, ya ƙulla kashe shi. Sauran manyan miyagu suka ga kisan zai jawo musu fushin hukuma gaba ɗaya, saboda haka suka sa aka harbe Schultz ɗin a watan Oktoba na shekarar.

Babbansu shi ne Lucky Luciano, wanda ba ya barin sawu. Wata lauya baƙar fata cikin ma'aikatan Dewey, Eunice Carter, ita ce ta lura cewa karuwan da ake kamawa a unguwanni dabam-dabam, lauyoyi ɗaya ne ke kare su, mutane ɗaya ne ke tsaya musu beli. Ashe hannu ɗaya ke juya su. A Fabrairu 1936 ƴan sanda suka faɗa wa gidajen a dare guda. Aka tsare matan da beli mai tsanani har suka yarda su ba da shaida, kuma wannan dabara ta jawo wa Dewey zargi, don waɗansunsu sun janye maganarsu daga baya. Duk da haka, a watan Yuni aka yanke wa Luciano ɗaurin shekara 30 zuwa 50.

A 1937 jama'ar Manhattan suka zaɓi Dewey babban mai shigar da ƙara. A nan ne ya nuna ba ya duban fuska. Richard Whitney, tsohon shugaban kasuwar hannun jari ta Niyok, ya tafi gidan kaso a 1938 saboda cin amanar dukiyar mutane. A 1939 aka sami Jimmy Hines da laifi, jigon jam'iyyar da ta daɗe tana riƙe da birnin, wanda ke kare masu caca daga ƴan sanda da alƙalai.

Kujerar ta zame masa tsani. Ya yi gwamnan jihar Niyok daga 1943 zuwa 1954, kuma a 1945 ya sa hannu a dokar hana wariyar launi da addini wajen ɗaukar aiki, irinta ta farko a wata jiha ta Amurka. A 1946 shi da kansa ya sassauta hukuncin Luciano, bisa taimakon da aka ce ya ba sojan ruwa lokacin yaƙi, aka kora shi Italiya. Abokan hamayya sun daɗe suna yi masa gori da wannan.

Sau biyu ya nemi shugabancin ƙasa. Roosevelt ya kada shi a 1944. A 1948 kowa ya ɗauka ya ci, har wata jaridar Shikago ta buga labarin nasararsa tun ba a gama ƙirga ƙuri'u ba, sai ga Truman ya lashe. Bayan ya sauka daga gwamna ya koma aikin lauya a Niyok. Ya rasu a Fulorida ran 16 ga Maris 1971, saura kwana 8 ya cika shekara 69.