Okomfo Anokye da kujerar da ake kira Kofi

A ƙasar Akan ta kudancin Ghana, okomfo laƙabi ne na mutumin da iskoki ke hawa su yi magana ta bakinsa. Fassara shi da boka ta rage masa matsayi, domin ya fi kusa da ɗan bori wanda kuma yake riƙe da ɗakin tsafin al'umma. A cikin masu wannan laƙabi babu wanda ya kai Anokye suna.

An haife shi wajen tsakiyar ƙarni na 17. Mutanen Awukugua ta ƙasar Akuapem na cewa ɗansu ne, wasu ruwayoyin Ashanti kuma na danganta shi da Agona. Ya tashi cikin addinin da ke ɗaukar Nyame a matsayin mahalicci, abosom iskokin da ke ƙarƙashinsa, nsamanfo kuwa kakannin da suka rasu suna kula da zuriyarsu. Ya ƙulla abota da Osei Tutu, sarkin Kumasi, a zamanin da garuruwan Ashanti ke rarrabe suna biyan gandu ga Denkyira.

Gagarumin aikinsa shi ne haɗa kan garuruwan nan. Bisa ruwayar Ashanti, ya tara sarakuna ranar wata Juma'a, ya saukar da kujerar zinariya daga sama, ta sauka a cinyar Osei Tutu. Ya sanar cewa sunsum, wato kurwar al'umma baki ɗaya, na cikinta, ba kuma a zama a kanta, ko da sarki ne. A 1701 rundunar haɗin gwiwar ta karya Denkyira a Feyiase, aka kashe sarkinta Ntim Gyakari.

Ga ɗalibin harshe, sunan kujerar ya isa abin nazari. Sika Dwa Kofi ake ce mata: sika zinariya, dwa kujera, Kofi kuwa sunan namijin da aka haifa ran Juma'a, kamar Ɗanjuma a wurinmu. Ke nan an raɗa mata suna yadda ake raɗa wa ɗan Adam, aka riƙa girmama ta tamkar mai rai. Da sunan da hanin zama a kanta ya mayar da mulki amanar kowa.

Mutanen Diffa da kwarin Komadugu ba baƙin irin wannan labari ba ne. Sarakunan Sefuwa na Kanem suna da Mune, abu ne naɗaɗɗe da ba a buɗewa. Mai Dunama Dabbalemi ya buɗe shi a ƙarni na 13, marubutan Barno kuma suka danganta rikicin da ya biyo baya da wannan aiki. Ashanti sun riƙe tasu amanar: da gwamnan Ingila Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar ya zauna a 1900, Yaa Asantewaa ta ja yaƙi, kujerar kuma ba ta shiga hannun Turawa ba.

Ruwaya ta ce Anokye ya tafi neman maganin mutuwa, ya shiga dogon barci, bai farka ba. Takobin da ake cewa ya kafe a ƙasa yana nan a Kumasi, cikin harabar asibitin koyarwa mai ɗauke da sunansa.