Mamman Shata

Alhaji Dakta Mamman Shata, wanda aka fi sani da Mamman Shata Katsina (an haife shi a shekarar 1923, ya rasu a ranar 18 ga Yuni, 1999), mawaƙin baka ne na Hausa daga ƙasar Katsina. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da kiɗan kalangu, kuma ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan Hausa na ƙarni na 20. Bai yi gadon waƙa ba, bai kuma koye ta a makaranta ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a shekarar 1988.

Farkon rayuwa

An haifi Shata a garin Musawa, wanda yanzu yake cikin jihar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, dukansu Fulani ne. Ya yi karatun allo yana yaro. Daga baya ya yi tallan goro da alewa a kasuwannin ƙauye, yana kuma yi wa samari da 'yan mata waƙa a dandali ba don kuɗi ba. Mahaifinsa bai so wannan hanya ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo, aikin da ake ganin bai dace da wanda bai gaje shi ba. Duk da haka Shata ya bar talla ya rungumi waƙa.

Shahara

Da ya bar Musawa ya zauna a Bakori ƙarƙashin ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa mai aikin sayen auduga da gyaɗa. Daga nan yake fita wasa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa. Sunansa ya ƙara fitowa a shekarar 1952, bayan wasan da ya yi a Bikin 'Yan Sarki a Kano. A shekarar 1960 ya koma Funtuwa, inda ya zauna kusan shekara 40. Funtuwa ce cibiyar shiyyar kudancin jihar Katsina, wadda ta haɗa da Bakori, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da Musawa, yanki ne na noma da kasuwanci.

Salon waƙa da horo

A ƙasashen Turai mai son zama mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, yakan yi shekaru a makarantar kiɗa yana koyon sarrafa numfashi da murya da karanta rubutaccen kiɗa. A ƙasar Hausa horon yana cikin ƙungiya ne. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya zama ɗan amshi ko makaɗi, ya daɗe yana sauraren jagora kafin ya kafa tasa ƙungiya. Ta haka Musa Ɗanƙwairo ya tashi a hannun mahaifinsa. Shata bai bi wannan matakin ba, dandali da kasuwa ne suka horar da shi.

Ƙungiyarsa ta ƙunshi makaɗan kalangu waɗanda su ne kuma 'yan amshi, tare da sanƙira mai kirari da shelar kyauta. Yakan ba su gajeren amshi su riƙa maimaitawa, shi kuma yana ƙirƙirar ɗiyan waƙa nan take gwargwadon wanda yake gabansa da abin da ya faru a wurin. Shi ya sa waƙa ɗaya takan zo da siga daban-daban a faifai daban-daban.

Masu nazarin harshe suna lura da dangantakar wannan salo da tsarin Hausa. Hausa tana bambanta ma'ana ta karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, da kuma tsawon wasali. Kalangu yana da tsirkiya wadda makaɗi ke matsewa a hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka, don haka yana iya bin karin magana. Dole mawaƙi ya daidaita gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi da bugun kiɗa ba tare da ya ɓata kalma ba.

Jigogi

Shata ya yi wa sarakuna, attajirai, 'yan siyasa, direbobi da mata waƙa. Ya yi waƙoƙin noma da na faɗakarwa, da na ƙarfafa wa sojoji gwiwa lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, har da waƙa kan kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Ya kuma yi zambo da habaici masu zafi, abin da ya sa wasu manya suke shakkar sa. Bakandamiya ce waƙar da yake wasa kansa a cikinta. Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kuma je Ingila da Amurka.

Siyasa da karramawa

Ya taɓa zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, sannan a Jamhuriya ta Uku ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

Rasuwa

Shata ya rasu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan doguwar jinya. An binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Da yake ba ya rubuta waƙa, waɗanda aka naɗa a gidajen rediyo da faifai da kaset ne suka rage, waɗanda ya yi a wuraren biki ba tare da rikoda ba kuwa da yawansu sun salwanta. Har yanzu ana nazarin waƙoƙinsa a sassan koyar da Hausa na jami'o'in Najeriya.